Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba: Kati Ɗaya Ko Sabuwar Kwangila?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, a hutun da ya wuce wasu daga cikinmu, 'yan Kwandiko da Sara da Birnin Kudu, sun tafi aikin sanin makama a wani ofis da ba za mu kama sunansa ba, domin ba shi kaɗai ke fama da wannan ciwo ba. A cikin sito, bayan tarin tsofaffin fayiloli da kujeru masu ƙafa uku, suka tarar da manyan kwamfutocin tebur guda shida an jibge su kamar buhunan gero, ƙura ta lulluɓe su. Da suka tambaya, sai aka ce musu ai sun mutu. Da suka jona su da wuta, biyar suka tashi garau. Ashe mutuwar da ake nufi ita ce, tun da aka kawo sabuwar manhajar zanen gine-gine, in an buɗe ta sai hoto ya riƙa tsalle yana sarƙewa, wani lokaci ma allon ya yi baƙi ƙirin. A kan wannan kaɗai aka rubuta takarda zuwa sama, aka nemi a ba da kwangilar sayo sababbi.

Mu kuwa muna cewa wannan almubazzaranci ne, kuma muna da hujja. Abin da ya gaza a cikin waɗannan na'urori guntun allo ne guda ɗaya, wanda tsawonsa bai fi tafin hannu da yatsu ba, watau katin hoto, wanda masu gyara ke kira girafik kad. Ana cire shi a sa wani kafin shayi ya huce.

Bari mu yi bayani domin wanda bai taɓa buɗe murfin kwamfuta ba. A cikin akwatin akwai ƙwaƙwalwar na'ura, watau furosesa, wadda ke da ma'aikata kaɗan amma ƙarfafa, kamar manyan malamai huɗu ko shida masu warware mas'ala mai wuya ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa katin hoto, taron 'yan gayya ne: ɗaruruwan ƙananan ma'aikata, kowanne yana yin ɗan lissafi mai sauƙi, amma duk a lokaci guda. Zana gini mai fuska uku, da juya shi a kan allo, da tace bidiyo, da haɗa hotunan da jirgi maras matuƙi ya ɗauko su zama taswira, duk aikin gayya ne. In 'yan gayya sun yi kaɗan, gona ba ta nomuwa, ko da mai gonar Sarkin Noma ne.

Irin na'urorin da aka jibge a siton nan, masu suna HP Z420, an fito da su a 2012 ne, kuma an ƙera su don injiniyoyi da masu zane, da furosesa ta Xeon da akwatin wuta mai ƙarfin wat 600. Katin da ke cikinsu, Quadro 600 na kamfanin NVIDIA, yana da ƙananan ma'aikata 96 da ma'ajiya ta gigabait 1, abin da ya wadatar a zamaninsa. To, amma katin GTX 1650 da ya fito a 2019 yana da ma'aikata 896 da gigabait 4, kana RTX 3050 mai gigabait 6 da ya fito a 2024 yana da ma'aikata 2,304. Abin da ya kamata kowane ma'aikaci ya sani shi ne, dukansu gurbi ɗaya suke shiga. Gurbin nan, mai suna PCI Express, tun 2003 aka fito da shi, kuma duk lokacin da aka sabunta shi ana barin sabon kati ya iya zama a tsohon gurbi. Gurbin da kansa yana ba da wuta har wat 75, don haka mafi yawan waɗannan katuna biyu da muka ambata ba su bukatar wata igiyar wuta ta daban.

Ba mu ce a yi aikin da ka ba. Kafin a sayi kati, lalle a duba abu huɗu. Na farko, ƙarfin akwatin wuta da irin igiyoyin da ke fitowa daga cikinsa, gama mai baki shida wat 75 take ƙarawa, mai baki takwas kuwa 150, kuma wanda ya ɗora wa ƙaramin akwati babban kati ya ɗora wa jaki kayan raƙumi. Na biyu, a auna tsawon katin da kaurinsa, domin wasu akwatunan siraran ne, sai gajeren kati. Na uku, a tabbata kamfanin bai daina sabunta manhajar da ke tuƙa katin ba. Misali GTX 1050 Ti na 2016, wanda ya cika kasuwar kayan hannu, yana cikin waɗanda aka rage wa kulawa tun ƙarshen 2025. Na huɗu, a duba bakin da allon kallo ke karɓa, kada a sayi kati a rasa inda za a jona. Bayan wannan, sai a hure ƙurar hunturu daga fankoki, domin a ƙasarmu zafi da ƙura sun fi tsufa kashe na'ura. Wannan shi ne dukan sirrin, kuma ɗalibin aji biyu a sashen kimiyyar kwamfuta ya san shi.

To, shin me ya hana a yi? Ruwa ba ya tsami banza. Kati ɗaya ƙaramin ciniki ne, ba ya bukatar ɗan kwangila, ba ya bukatar bikin ƙaddamarwa da rumfa da maroƙa, ba a yanka masa kirtani, ba a kiran 'yan jarida su ɗauki hoton mai girma yana danna maɓalli. Uwa uba, kashi goman da ke cikinsa bai isa cefanen kwana biyu ba. Sabuwar kwangila kuwa kowa ya san yadda take tafiya daga tebur zuwa tebur, tana ƙiba a hanya kamar ragon layya. Don haka gyara ya zama maraya a ofisoshinmu: babu mai nema masa kuɗi a kasafi, babu mai samun ƙarin girma dominsa, wanda ya kawo shawararsa ma kallon maƙiyi ake yi masa.

Wannan ɗabi'a ba yau ta fara ba. Tun zamanin da kuɗin man fetur suka kwararo, aka yi rabon Udoji, manyanmu suka koyi cewa maganin kowace matsala shi ne a yi odar kaya daga waje. A 1975 aka yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, jiragen ruwa ɗaruruwa suka toshe tashar Ikko wata da watanni, ana biyan su kuɗin jira, simintin yana daskarewa a cikinsu. Jikokin wannan tunani su ne ke zaune a ofisoshi yau, sai dai maimakon siminti, kwamfuta suke oda. Bambancin kawai shi ne, a wancan lokaci Naira ta fi dala daraja, alhali kuwa tun da aka saki Naira a watan Yuni na 2023, dalar da ake saye wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a cikin 2024. Kowace sabuwar na'ura da dala ake sayo ta, kuma kuɗin daga bakin talakan Gwaram aka cire su, wanda ɗansa ke karatu a ƙasa babu benci.

Abin kunya shi ne, talakan nan ya fi mu hankali a wannan fage. Ku je garejin kanikawa a Birnin Kudu ku ga yadda ake raya tsohuwar mota, a canja mata fistin, a ɗaure ta, ta koma hanya tana dakon kaya ranar kasuwar Sara. Ku dubi mai injin ban-ruwa a fadama, ko mai injin niƙa a Kwandiko: ba ya jefar da inji domin bel ya tsinke. Ku shiga Farm Centre ko titin Beirut a Kano ku ga samari, waɗansu ko sakandare ba su gama ba, suna ɗaga ƙwayar da ba ta kai ƙwayar gero ba daga cikin waya su dasa wata. Sai mu 'yan boko, masu digiri da kwat, mu ne muke tsoron kwance noti biyu, muna jiran a turo injiniya daga Abuja ya gaya mana abin da idonmu ke gani.

Har wa yau, ba za a ce babu masana ba. Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙira a 1991, tana cikin jihohin da suka fara rungumar fasahar sadarwa, tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, lokacin da aka kafa cibiyar koyar da ilmin kwamfuta a Kazaure a 2001. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa. Shekara fiye da 20 ana yaye matasa masu wannan ilmi. Ina amfanin horar da su in ba a yarda su riƙe sukundireba a ofishin da suke aiki ba? An mai da su masu buga wasiƙa da masu ɗaukar jakar oga, kaza ta kwana a kan dami da yunwa.

Mun san abin da masu kare kwangila za su ce, kuma ba za mu gudu daga gare shi ba. Za su ce kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 ba ta amince da tsofaffin furosesa irin waɗannan ba. Gaskiya ne. Amma wannan hukuncin kamfani ne a Amurka, ba mutuwar ƙarfe ba ne. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta cewa wannan hukunci zai iya tura kwamfutoci kimanin miliyan 240 bola. Ashe don wani ya rufe shagonsa sai mu kwana da yunwa? Akwai Linux, kyauta, ana sabunta ta, kuma manhajoji irin su QGIS na taswira da Blender na zane mai fuska uku suna gudana a kanta ba tare da biyan ko kwabo ba. Inda aiki ya wajabta manhajar da sai da Windows, kuma na'urar za ta riƙa shiga intanet da bayanan jama'a, to nan a sayi sabuwa, mun yarda. Amma a sayi ɗaya ko biyu da hujja a rubuce, ba shida da ka ba.

Za su kuma ce tsohuwar na'ura tana shan wuta, ga shi ofisoshi da yawa a karkara da janareta ko hasken rana suke aiki. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ya sa muka ambaci katunan da ba su wuce wat 75 ba. Wanda aikinsa buga wasiƙa ne kawai, ƙaramar kwamfutar cinya ta ishe shi. Kana sabon kati ba ya mai da tsohuwar furosesa yarinya. Akwai iyakar da in an kai, ƙarin kuɗi asara ne. Abin da muke ƙi shi ne a yanke wa na'ura hukuncin kisa ba a saurari shaida ba.

Sa'an nan a tambayi inda gawar take zuwa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma abin da aka tabbatar an sarrafa ta hanyar da ta dace bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A nan gida mun san ƙarshen labarin: gwanjo a ɓoye, daga nan sai hannun 'yan jari bola, yara su ƙona wayoyin don su ciri jan ƙarfe, suna shaƙar hayaƙin dalma. A 1988 ƙasar nan ta tashi tsaye da aka jibge mana guba daga Italiya a garin Koko. Yau da hannunmu muke tara irinta a bayan ofisoshinmu, da sa hannun darakta da hatimi.

Saboda haka muna kira da abu uku. Na ɗaya, kada wata hukuma ta amince da takardar neman sababbin kwamfutoci sai an haɗa ta da rahoton ma'aikacin fasaha, mai nuna abin da ya lalace a kowace tsohuwa, da kuɗin gyaranta, da kuɗin sabuwa, gefe da gefe. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta wajabta neman abin da ya fi amfani da kuɗin jama'a. A yi aiki da ita. Na biyu, a ware kaso na gyara da haɓaka na'urori a kasafin kowace ma'aikata, a kuma bayyana yadda aka kashe shi. Na uku, duk na'urar da ofis ya gama da ita alhali tana da rai, a gyara ta a miƙa wa makarantun sakandare na karkara. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, amma har yanzu akwai yaran ƙauyukanmu da ranar jarrabawa ce ranar da suka fara taɓa linzamin kwamfuta.

Mu ma ɗalibai da namu laifin. Mun iya zanga-zanga a kan kuɗin makaranta, amma ɗakunan kwamfuta na tsangayoyinmu cike suke da na'urorin da muke wucewa kullum ba mu taɓa tambayar ciwonsu ba. Ƙungiyar ɗalibai ta kafa kwamitin gyara, ta nemi izinin hukuma a rubuce, ta ƙirga abin da ke sito, ta buga sakamakon a wannan mujalla kowa ya gani. Ku kuma da kuka fara aiki bana ko bara, ranar da fayil ɗin neman sababbin na'urori ya iso teburinku, ku tashi ku je siton da ƙafarku, ku jona su da wuta, ku rubuta abin da kuka gani. Watakila a harare ku, watakila a ce kun cika rawar kai. Ku tuna dai da tsohuwar zuma ake magani, kuma kuɗin da ake shirin ƙonawa na iyayenku ne.