Jitar da Ƙura ta Rufe



A hutun da ya wuce na kai ziyara Sule Tankarkar, na tarar da yaran gidan kawuna sun yi cincirindo a kan waya ɗaya suna kallon Baahubali. Da yawanku kun san shi. Fim ne na Indiya a kan ƙagaggiyar masarautar Mahishmati, S.S. Rajamouli ne ya ba da umarni, kashi na farko ya fito a 2015, na biyu a 2017. Na zauna don in ga yaƙin da aka gwabza da rundunar Kalakeya, inda jarumin ya sa aka cilla manyan ƙyallaye masu mai a kan abokan gaba, sannan aka cinna musu wuta.

Ana tsakiyar gumurzu sai sautin wayar ya ɗauke. Dawakai na sukuwa, takubba na walƙiya, amma armashin ya gudu, har wani yaro ya fara hamma. Nan na gane cewa rabin faɗuwar gaban da muke ji, kiɗa ne ke kawo ta. Wanda ya tsara kiɗan, M.M. Keeravani, shi ne ya ci kyautar Oscar a 2023 da waƙar wani fim mai suna RRR.

Ina komawa Gumel na sauko da jitata daga saman sif. Rabona da ita shekara uku, tun ranar da abokai suka yi mini dariya suka ce ga sabon maroƙi. Cikin tsirkiya shida, ɗaya ta tsinke, biyu sun yi tsatsa. Na canza su na fara kaɗawa. Kantar da ke kan yatsuna ta ɓace, kafin minti goma sun ɗauki raɗaɗi. Sautin kuwa, har ƙanwata ta leƙo tana tambayar ko lafiya. Amma a rana ta huɗu yatsun suka fara gane gurbinsu da kansu. Ashe abin da ka koya barci yake yi, bai mutu ba.

Fim yana nuna mana jarumi ya zama gwani cikin minti biyar. Amma shi kansa Baahubali an fara ɗaukarsa a 2013, sai da aka shafe shekara biyu kafin kashin farko ya fito. Haka a maƙwabciyarmu Nijar, wadda daga Maigatari taku kaɗan ne ka shiga cikinta, akwai Mdou Moctar, Buzu makaɗin jita. Yana yaro ya haɗa tasa jitar da katako da wayar birkin keke. Yau yana wasa a Turai da Amurka. Sannu ba ta hana zuwa.

Ba cewa na yi kowa ya nemi jita ba. Wataƙila naki zane ne ko saƙa, naka kuma gurmi, ko lissafin da ka yi wa saki uku saboda ka faɗi jarrabawa sau ɗaya. Tambayi kanka: ka daina ne don ba ka so, ko don tsoron dariya? Masu dariyar nan sun daɗe da mantawa, kai ne ka yi asara.

Ga aikin wannan mako. Bayan ka dawo daga Islamiyya ka gama aikin gida, nemi izinin iyaye ka ware minti goma sha biyar kullum har kwana bakwai. Kada ka yanke wa kanka hukunci kafin rana ta bakwai. Ina jiran wasiƙunku, musamman 'yan Gagarawa da kuka yi shiru kwana biyu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.