Kafin Wata Annobar Ta Zo, Wa Zai Ba Majinyacinmu Iska?

A ranar 5 ga Mayu 2023 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cutar korona ta daina zama matsalar gaggawa ga duniya. Tun daga lokacin muka ninke takunkumin fuska, muka ajiye bokitin wanke hannu da ke ƙofar majami'a, muka koma harkokinmu. Ban ce mun yi laifi ba. Amma akwai wani darasi da annobar ta bari a bakin gadon asibiti wanda na ga muna shirin mantawa, shi ne nake so mu tattauna yau.

A lokacin annobar na raka wani dattijo na ikilisiyarmu asibiti. Kwana shida yana gida da zazzaɓi da tari, iyalinsa suna ba shi maganin maleriya, muna ta addu'a. Yana magana sarai, har da barkwanci, saboda haka ba wanda ya tsorata. Da muka isa, nas ta maƙala masa wata 'yar na'ura a yatsa, ta duba, sai na ga fuskarta ta sauya. Ta ce iskar oksijin da ke jininsa ta yi ƙasa ƙwarai. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa 100, wanda ya sauka ƙasa da 90 kuwa yana bukatar a sa masa iska nan take. Tukunyar iska guda ce a ɗakin, kuma wani na kanta. Dattijon bai kai safiya ba. Ni ne na karanta tarihinsa a wurin jana'iza, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan 'yar na'ura, wadda ba ta kai akwatin ashana biyu girma ba. Da muna da ita a gida tun kwana na uku, da mun san lokaci ya yi.

A shekarar 2020 duk inda ka kunna rediyo maganar na'urar numfashi ake yi, wato injin da ke hura wa majinyaci iska a huhu idan ya kasa da kansa. Manyan ƙasashe suna ta rige-rigen saye, mu ma muka ɗauka ita ce ceto. To amma bari in faɗi abin da na koya daga bakin ma'aikatan jinya. Kafin a ɗora mutum a kan injin nan sai an sa shi barci da magani, an zura masa bututu ta maƙogwaro, sannan a samu nas ƙwararriya da za ta tsaya a kansa dare da rana, tana zuƙe majina, tana juya shi, tana lura da bugun zuciya da fitsari. Wuta kuma ba za ta ɗauke ba ko na minti biyar. Idan babu waɗannan, injin ya zama kayan ado, ko ma ya zama ajalin majinyacin. Kuma bisa lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya a farkon annobar, cikin mutum 100 da suka kamu, wajen 80 ciwon bai yi musu tsanani ba, wajen 15 iskar oksijin suke bukata, wajen 5 ne kawai suka kai ga halin rai kwakwai mutu kwakwai. Ashe waɗanda iska kaɗai za ta ceta sun ninka masu bukatar injin har sau uku.

Tarihin ɗakin kulawa ta musamman ma abin da yake koya mana ke nan. A shekarar 1952 annobar shan-inna ta faɗa wa birnin Kofanhegan na ƙasar Danmak, tana shanye naman da yara ke numfashi da shi. Daga cikin majinyata 31 na farko da numfashinsu ya tsaya, 27 suka mutu. Asibitin yana da babbar na'ura guda ɗaya tak da wasu ƙanana shida. Sai wani likita mai suna Bjorn Ibsen ya ba da shawara a huda maƙogwaro, a sa bututu, a riƙa matsa jakar roba da hannu. Ɗaliban koyon likita ɗaruruwa suka riƙa karɓa-karɓa, kowa ya zauna sa'o'i a gefen yaro yana matsa jaka, mako bayan mako, har mace-macen suka ragu sosai. Daga nan ne aka fara ware ɗaki guda domin masu ciwo mai tsanani. Hannun mutum ne ya fara wannan aiki, inji daga baya ya zo.

A korona ma abubuwan da suka fi ceton rai ba masu tsada ba ne. Likitoci sun ga cewa kwantar da majinyaci rub-da-ciki yana buɗe bayan huhu, iska ta samu shiga. A watan Yuni 2020 masu bincike a Jami'ar Oksfod ta Ingila suka tabbatar cewa wani tsohon magani mai araha, deksametazon, yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan inji, da kashi ɗaya cikin biyar ga waɗanda ke kan iska. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji mutanenmu. (Amma fa kada wani ya ruga kemis ya saya, maganin ba ya amfanar wanda ciwonsa bai yi tsanani ba, likita ne ke ba da shi.) Indiya kuwa ta nuna mana ɗaya gefen a watannin Afrilu da Mayu 2021, inda mutane suka riƙa mutuwa a ƙofar asibitocin Delhi, 'yan'uwansu suna yawo da tukwanen iska babu komai a ciki.

Wani zai ce ai Allah ya tsare Afirka, ba mu mutu kamar Turawa ba. Mun gode masa. Amma mutanen Kano ba za su manta da watan Afrilu 2020 ba, lokacin da manyan dattawa suka riƙa tafiya a jere. Kuma wani bincike da aka buga a 2021, wanda ya bi majinyata sama da 3,000 a ƙasashen Afirka 10, har da Nijeriya da Nijar da Ghana, ya nuna cewa cikin 100 da ciwon ya kai su ga kulawa ta musamman, 48 sun mutu cikin kwana 30. A sauran duniya adadin bai fi 32 ba. Cutar ɗaya ce, abin da majinyaci ya tarar a asibiti ne ya bambanta.

Wani kuma zai ce wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, kuma ya kamata mu ci gaba da tambayarta. Sai dai iyayenmu ba su jira gwamnati ba kafin a kafa asibitin Vom, da na Garkida, da na Galmi a Nijar. Yau kusan kowace gunduma tana da ƙaramin asibiti ko ɗakin shan magani. Ba na roƙon a saya musu injin numfashi, ba za su iya riƙe shi ba. Abin da nake roƙo shi ne na'urar yatsa a hannun kowane ma'aikacin lafiya, da injin tace oksijin daga iskar ɗaki mai ba da lita 5 ko 10 a minti, da wutar sola da za ta riƙe shi, da tukunya ɗaya a ajiye, sannan a tura 'ya'yanmu biyu ko uku su koyi jinyar masu ciwo mai tsanani, a kuma biya su albashin da zai hana su tafiya. Kayan nan ba za su zauna suna jiran annoba ba. Yaro mai ciwon haƙarƙari, jaririn da aka haifa bai yi kuka ba, mai haihuwa da ta zubar da jini, mai sikila, wanda ya yi hatsarin babur, duk iskar nan suke bukata a kowane wata.

Muna tara kuɗin tayil, da kujeru, da lasifika, zumuntar mata tana ɗinka anko kowace shekara. Ban raina ko ɗaya ba. Amma idan majalisar gundumarku ta zauna a kan kasafin baɗi, ina roƙon wani dattijo ya ɗaga hannu ya tambayi mai kula da asibitin: tukunyar iska nawa muke da su, kuma yaushe aka cika su?