Ra'ayi: Mai amfilifaya wat 8, daina tambayar wat nawa lasifika ke ɗauka

Kwanakin baya wani abokina ya kira ni ransa a ɓace. Ya daɗe yana tara kuɗi, ya sa aka kawo masa amfilifaya mai bawul daga ƙasar Sin, irin mai kwalaben gilashin nan da ke yin ja idan sun ɗau zafi, kamar na cikin rediyon kakanninmu. Wat 8 take bayarwa a kowane ɓangare. Ya haɗa ta da wasu ƙananan lasifikoki masu tsada da yake da su tun da, ya sa waƙar Shata, sai ya ji kalangu kamar daga gidan maƙwabta ake kaɗa shi. Ya ƙara murɗawa, muryar ta fara shaƙewa. Nan take ya yanke hukuncin cewa an cuce shi.

Da na je na duba, amfilifayar lafiyarta ƙalau. Lasifikokin ma haka. Auren ne bai dace ba, kuma laifin na wata ɗabi'a ce da kasuwa ta koya mana: duk wanda zai sayi lasifika, tambayarsa ta farko ita ce wat nawa ce. Shi ya sa ake lafta wa akwatin roba rubutun wat 5,000 da haruffan PMPO a gefe, mu kuma mu biya. Wat ɗin da ke jikin lasifika, ko da na gaskiya ne, yana faɗa maka iya wutar da za ta jure ne kafin ta ƙone. Bai faɗa maka yawan ƙarar da za ta fitar ba. Ga mai wat 8, wannan lamba ba ta da wani amfani, domin ko ya kwana yana murɗawa ba zai kai can ba.

Lambar da ta shafe shi ita ce wadda ake rubutawa da dB, wato desibel, ma'aunin ƙarfin sauti. Ana ba lasifika wat 1, a tsaya nisan mita 1, a auna ƙarar da ta fito. Yawancin lasifikokin ɗaki na zamani suna tsakanin 84 da 88. Wata shahararriyar ƙaramar lasifika da BBC ta tsara, LS3/5A, ba ta wuce 83 ba. A ɗaya gefen kuma akwai Klipschorn, wadda Paul Klipsch ya fara ƙerawa a garin Hope na jihar Arkansas a Amurka a 1946, wadda kamfanin ke cewa tana kai 105.

Bambancin ya fi yadda ido ke gani, saboda lissafin desibel ninki ne. Duk ƙarin desibel 3 yana buƙatar ninka wat sau biyu, ƙarin 10 kuma sau goma. Wat 8 na ƙara desibel 9 a kan abin da wat 1 ya bayar. Ke nan lasifika mai 85 za ta tsaya a 94, mai 95 kuma ta kai 104 da amfilifaya ɗaya. Kafin mai 85 ta kai 104 sai an ba ta kusan wat 80. Kuma wannan a nisan mita 1 ne. Wanda ke zaune a kujera mita 3 daga lasifika ya yi asarar wani kaso. Ga shi kiɗa ba tafiya ɗaya yake yi ba. Bugun ganga guda kan haura matsakaicin sautin waƙar da desibel 10 ko fiye, kuma a daidai wannan bugun ne ƙaramar amfilifaya ke ƙarewa. Abin da abokina ya ji ke nan.

Duk wanda ya taɓa jin kiran salla ya san abin da nake nufi ko bai san lissafin ba. Lasifikar ƙahon da ke kan hasumiyar masallaci, da 'yan wat kaɗan take tashin unguwa, saboda siffar ƙahon tana sa ɗan motsi kaɗan ya tura iska mai yawa. Da wannan dabara gidajen silima na Amurka suka riƙa cika zaure da sauti a zamanin da amfilifaya ba ta da ƙarfi, kuma bawul ɗin 300B da ke cikin na'urar abokina, kamfanin Western Electric ne ya fito da shi a 1938, a wancan zamani. Da manyan lasifikoki masu sauƙin turawa aka saba haɗa shi. Sai da taransista ta zo wat ya yi arha, masu ƙera lasifika suka ga babu laifi su ƙanƙanta akwati su bar amfilifaya ta sha wahala. Kada dai wani ya ɗauko ƙahon masallaci ya kai falo: an yi shi ne don murya ta yi nisa, ba ya fitar da kaurin sauti ko kaɗan.

To nawa ya kamata a nema? A ganina, mai 300B ko wata amfilifaya mai wat 7 zuwa 8 ya nemi 93 zuwa sama. Mai 2A3, wadda ba ta wuce wat 3 da rabi ba, ya nemi 96 ko fiye. Mai EL84 guda bibbiyu a kowane ɓangare, da ke ba da wat 12 zuwa 15, zai iya zama lafiya da 90 idan ɗakin ba babba ba ne.

Sai dai a nan ne wata matsalar take: lambar da ke kan kwali ba kullum take gaskiya ba. Akwai dabarar da ta zama ruwan dare. Maimakon wat 1, sai a auna da bolt 2.83. A lasifika mai om 8 wannan daidai yake da wat 1, amma a mai om 4 wat 2 ne, don haka an yi wa lambar kyautar desibel 3. Wasu kuma a cikin ɗaki suke aunawa, inda bango ke ƙara ƙara. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba. Klipsch ta rubuta 96 a kan ƙaramar lasifikarta RP-600M, amma da mujallar Stereophile ta Amurka ta auna, abin da ta samu bai kai 90 cif ba. Lasifikar tana da kyau, amma wanda ya saye ta saboda 96 ya sayi abin da babu.

Hanya mafi sauƙi ta gane ƙarya ita ce duban girman akwati. Injiniyoyin sauti suna da wata ƙa'ida da ake dangantawa da Anton Hofmann, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin KLH: ƙaramin akwati, sauti mai kauri sosai, da ƙara mai yawa daga wuta kaɗan, biyu kawai za ka samu cikin ukun nan. Idan ka ga lasifika da za ka iya ɗauka da hannu ɗaya, an ce tana da 96 kuma tana girgiza ƙasa, ɗaya daga cikin maganganun biyu ba gaskiya ba ne. Wanda ya zaɓi bawul ya shirya ba da wuri a ɗakinsa, ya kuma shirya yi wa uwargida bayani.

Abu na biyu shi ne om. Amfilifaya mai bawul tana da taransfoma a bakin fitar sauti, da wuraren haɗa waya na om 4 da 8, wani lokaci har 16. Ta fi son lasifika mai om 8 ko sama, wadda ba ta faɗuwa ƙasa sosai. Lasifikar da aka rubuta mata 8 amma a wasu sautuka take sauka zuwa 3, za ta sa kaurin ya yi laɓo-laɓo. Shi ya sa doguwar lasifika mai baki huɗu ko biyar, duk kyanta a ido, ba ta cika dacewa ba, haka ma ta mota. Mai baki ɗaya ko biyu, mai faifan takarda mara nauyi, ita ce abokiyar tafiya.

Yanzu maganar kuɗi. Sabuwar Klipsch Heresy ko Lowther ta Ingila, da canjin dala na yau, ba ta talaka ba ce, kuma ban ga dalilin da mutum zai ci bashi a kansu ba. Shawarata, wadda na san wasu masana za su yatsina fuska a kanta, ita ce a duba wajen masu kayan sautin biki da wa'azi. Bakin lasifika mai inci 12 ko 15 na kamfanoni irin su Eminence da Celestion yakan kai 95 zuwa 98, domin aikinsa ke nan, kuma yawanci om 8 ne. Ana samun irinsu, sababbi da na hannu, a kasuwar Alaba ta Legas da wajen masu kayan lantarki a Sabon Gari ta Kano. Masu sukar suna da hujja: da yawa daga akwatunan da ake haɗawa a kasuwa katakonsu siriri ne, kuma ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti na arha ne, yana soke kunne. Ga kuma jabu. Amma waɗannan matsaloli ne masu magani. A sayi bakin kirki shi kaɗai, a nemo ma'aunin akwatin da kamfanin ya bayar, a kai wa kafinta ya yi da filawud mai kauri, ya sa ƙarfafa a ciki. Kamfanin Fostex na Japan ma yana sayar da baki guda mai inci 8 da ke ɗaukar duk sautin, tare da zanen akwatinsa. Ba zai ba ka rugugin gidan rawa ba, amma kuntigin Ɗan Maraya Jos da muryarsa za su fito kamar yana zaune a gabanka.

Idan na hannu za ka saya, je da mita. Lasifika mai om 8 takan nuna tsakanin 5 da 7. Idan ka ga 3, mai om 4 ce ko me aka rubuta. Danna faifan a hankali da yatsu, idan ka ji yana gogar wani abu a ciki, ajiye ta. Gefen soso yana ruɓewa da zafi da shekaru, na yadi ya fi ƙarko. Mafi kyau duka, ɗauki amfilifayarka ka je da ita, ko ka roƙi a ba ka gwaji na kwana ɗaya. Sa waƙa ɗaya, kada ka taɓa maɓallin ƙara, ka sauya lasifika; ko manhajar auna sauti ta waya za ta nuna maka bambancin. Amma ka kashe na'urar kafin ka cire waya, domin amfilifaya mai bawul idan tana aiki babu lasifika a jikinta, taransfomarta na iya ƙonewa, kuma ita ce mafi tsada a ciki.

Akwai farashin da ba a faɗa. Lasifika mai saurin amsawa ba ta ɓoye komai, har gurnanin wuta. Idan amfilifayar tana da ɗan huuu a ciki, ko wutar gidan daga janareta take, ko daga inbata mai arha, za ka ji shi a fili tsakanin waƙa da waƙa. Ɗakunanmu masu tayil da bangon siminti kuma suna ƙara wa ƙaho kaifi, sai an shimfiɗa kafet an sa labule mai kauri. Sannan na'urar da ke ba da wat 8 takan sha sama da wat 100 daga bango, ko ana kiɗa ko ba a yi, abin da mai sola ya kamata ya lissafa tun kafin ya saya.

Abokina dai bai sayar da amfilifayarsa ba. Ya samo baki biyu masu inci 12 na hannu, kafintan unguwarsu ya yi masa akwatuna da suka kusa kai masa ƙugu, ƙananan lasifikokin kuma ya mayar da su jikin talabijin. Ranar da na koma, maɓallin ƙarar bai kai rabi ba, sai da muka ɗaga murya kafin mu ji juna. Ƙorafinsa yanzu shi ne gurnanin da yake ji idan an tayar da janareta, kuma har yau yana neman mai gyaran da ya san bawul.