Ɗan Sanda da Matafiyi a Bakin Shinge

Duk falken da ya taɓa bin motar shanu daga Potiskum zuwa Ikko, ko malamin da ya fita ci-rani da allo da gafaka, ya san muryar nan ta bakin shinge: tsaya, sauko, ina katinka? Tambayar ba laifi ba ce. Mutanen Kano ba su manta da ranar Jumma'a 20 ga Janairu 2012 ba, sa'ad da aka faɗa wa ofisoshin 'yan sanda da bama-bamai, aka rasa rayuka kamar 185 a yini guda. Bayan wannan aka cika tituna da shingaye, jama'a kuwa suka daure, gama wanda ya ga gawa a bakin hanya ba ya ƙyashin tsayuwar minti biyar. Hukuma tana da hakkin ta san mai shiga gari da mai fita.

Abin dubawa shi ne wa ake tsayarwa, don me kuma. A watan Agusta 1919 babu mai tambayar wannan, domin mulki na Nasara ne. Amma a watan Agusta 2019, cikin ƙasa mai 'yancin kanta, aka tare wata babbar mota a Ikko ɗauke da mutum 123 daga Jigawa, da baburansu, sun tafi neman abinci. Aka tsare su, aka bincika, ba a sami kome na laifi ba, aka sallame su. To, me suka yi da ya jawo zato? Yawansu ne, da harshensu, da irin tufafinsu. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 kuwa ya ba kowane ɗan ƙasa iko ya yi tafiya, ya kuma zauna inda ya ga dama cikin Nijeriya.

Malamai ba su bukatar a koya musu wannan babi. Suratul Hujurati ta yi hani ga yawan zato da bin diddigin asirin mutane. Sananne ne kuma labarin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, da ya haura katanga ya iske mutum cikin saɓo, mutumin ya tuna masa cewa ya yi leƙen asiri, ya shigo ta inda ba ƙofa ba, bai kuma yi sallama ba, Umar ya karɓi magana ya ƙyale shi. Wani zai ce ai hanya ba gida ba ce, Umar da kansa yakan yi sintiri da dare. Gaskiya ne. Amma mai sintiri aikin mutum yake duba. Wanda aka gani yana ɓoye makami, ko ya sheƙa da ganin hukuma, shi ya jawo wa kansa tambaya. Gemu da rawani da rashin Turanci ba aiki ba ne.

Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1943, ta faɗi haka ƙarara. Ta ce launin mutum, da shekarunsa, da askinsa, da shigarsa, ba su zama hujjar zato. Ta kuma ɗora wa ɗan sanda, kafin ya sa hannu a jakar kowa, ya faɗi sunansa, da ofishinsa, da abin da yake nema. Watau mai tambayar shaida shi ne farkon wanda doka ta ce ya nuna tasa. Matafiya nawa suka taɓa jin haka a bakin shinge?

Sa'an nan ga maganar katin kansa. Ma'aikacin gwamnati yana da shi cikin aljihu. Gardi da aka haifa a ƙauyen da ba a rubuta haihuwa, da makiyayi, da ɗan koli mai yawon kasuwanni, su ne galibi ba su da shi, ba don mugun nufi ba, sai don nisan ofis da dogon layi. Mugu kuwa shi ne ya fi kowa tanadin takarda, ta gaske ko ta jabu. Idan kuma aka bar kuɗin goro ya tsaya a madadin kati, sai shinge ya koma wurin karɓar kuɗin fito: mai gaskiya ya biya don albasarsa kada ta ruɓe a rana, mai ɗauke da bindigogi ya biya ninki goma yana murna, ya wuce.

Fatake sun daɗe da hanyar sanin baƙo tun ba a ƙago kati ba. A Sabo ta Badun, da Agege, da zangon Kumasi, baƙo yakan sauka hannun maigida, maigida ya tsaya masa, Sarkin Hausawa ko Sarkin Zango ya san da zamansa. Yau ga waya a hannun kowa. Wanda aka tsayar ba kati, in babu wani abin zargi tare da shi, a bar shi ya kira maigidansa ko shugaban kasuwarsu, a rubuta sunansa da na wanda ya tsaya masa da na ɗan sandan da ya tambaya, motarsa ta ci gaba kafin rana ta yi wa shanu zafi.