Mulkin Kai: Kan Wane Ne?

Ranar 15 ga Maris, 1959, Jihar Arewa ta Nijeriya ta sami mulkin kai. Ba da ka aka zaɓi ranar ba, domin a irinta ce sojojin Gwamna Lugga suka ci Sakkwato a 1903. Daga nan shugabancin majalisar zartarwa a Kaduna ya bar hannun Gwamna Bature, ya koma hannun Firimiya, Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Amma manomin da ke ƙauye a ƙasar Kano bai ga wani sauyi ba. Dagaci ya ci gaba da zuwa karɓar haraji, kuma ɗan doka da alƙali da gidan yari duk suna nan a hannun En'e, wato hukumar sarki. Saboda haka akwai dalilin tambaya: wannan kai da aka ce ya sami mulki, na wane ne?

Tarihin Amurka yana taimakawa wajen fahimtar tambayar, domin can ma 'yancin kai daga cikin mulkin mallakar Ingila ya tsiro. Tun 1619 Turawan da suka zauna a Birjiniya suke da majalisar wakilai wadda su suke zaɓa, sauran yankunan ma kowane ya sami tasa. Ƙarfin waɗannan majalisu a wuri guda yake: su ne suke yanka haraji, kuma a yankuna da yawa su suke biyan albashin gwamnan da Sarkin Ingila ya turo. Wanda ke riƙe da bakin jaka kuwa ba a yi masa tsawa. Da Majalisar Ingila ta ɗora musu harajin kan sarki a 1765, sai suka ce ba za su biya abin da wakilansu ba su yanka ba. Littattafan masanan zamanin wayewar kai na Turai suka ba su hujja. John Locke ya riga ya koyar cewa gwamnati amana ce, halaccinta daga yardar jama'a yake, in ta ci amana ana iya tuɓe ta. Wannan ra'ayi ne Thomas Jefferson ya zuba a takardar shelar 'yanci ta 4 ga Yuli, 1776. Sai dai littafi bai haifi al'adar ba. Ya tarar da mutanen da suka yi shekara 150 suna gardama a kan kuɗinsu ne, ya sa musu kalmomi a baki.

A Arewa Turawa sun bi wata hanya dabam. Sun bar sarakuna a kan gadonsu, sun kafa wa kowace En'e baitulmali inda wani kaso na haraji da jangali yake zama, Razdan da Di'o suna duba lissafi. Wannan ma wani irin mulkin kai ne, har Turawa suna alfahari da shi. Amma jakar tana tsakanin sarki da Razdan, mai biyan kuɗin ba shi da kujera a wurin. Majalisar wakilai ta Arewa ba ta fara zama ba sai 1947, ita ma ta ba da shawara ce kawai. Ke nan abin da Amurkawa suka yi ƙarni ɗaya da rabi suna koyo, shekara 12 aka ba Arewa ta koya.

Wannan ne ya sa ba za a yi saurin ganin laifin Sardauna ba a kan abin da ya faru a Ikko a watan Maris na 1953. Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, Sardauna ya nemi a cire shekarar, a ce sai lokacin da ya dace. Tsoronsa na gaskiya ne: 'yan bokon Arewa kaɗan ne ƙwarai, in Bature ya tafi ofisoshi za su cika da mutanen Kudu. An yi wa wakilan Arewa ihu a titi, kuma a watan Mayu rikici ya ɓarke a Kano, aka rasa rayuka 36 bisa ƙididdigar hukuma. Sardauna ya auna lokaci daidai. Tambayar da bai ɗauka da zafi ba, wasu ne suka ɗauka.

A watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a binciki tsarin En'e, ya koka da cewa talaka ba shi da ta cewa a cikinsa. A wannan wata ne kuma, ranar 8, wasu samari takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya zama shugabanta a 1953. A wurin 'yan NEPU, sawaba ba tafiyar Bature kaɗai take nufi ba, har da kuɓutar talaka daga aikin tilas da gaisuwa da ɗaurin da babu dalili. Masu adawa da su sun kira su marasa kunya masu kwaikwayon Turawa. Gaskiya ne Malam Aminu ya yi karatu a Landan daga 1946 zuwa 1947. Amma shi ɗan gidan malamai ne, kuma hujjar da ta fi shiga kunnen masu saurarensa ta gida ce. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwa cikin al'adun zalunci na sarakunan da ya yaƙa, a littafinsa Kitabul Farƙi. Ƙanensa Abdullahi kuwa a Kano ɗin ya rubuta Liya'ul Hukkami, inda ya gindaya wa shugaba sharaɗin adalci da shawara. Ba sai Bakano ya karanta Locke ba kafin ya san mulki amana ne.

Abin da ya rasa shi ne wurin da zai tambayi amanar. A zaɓen 1951 NEPU ta yi ƙarfi a matakin farko a birnin Kano, amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma En'e tana da ikon ƙara mutanenta a mataki na sama. Aka tashi NEPU ba ta da kujera ko ɗaya.

Kada a ɗauka Amurka ta amsa tambayar tun farko. Lokacin da Jefferson yake rubuta cewa an halicci mutane daidai, kusan mutum ɗaya cikin biyar na mazauna ƙasar bawa ne, shi kansa yana da bayi, mata kuwa sai 1920 suka sami ƙuri'a a ƙasar baki ɗaya. A Arewa ma matan ba su jefa ƙuri'a a zaɓen 1959 ba, duk da ɗaurin da Hajiya Gambo Sawaba ta sha a kan haka. Sai 1976 aka buɗe musu ƙofa, shekarar da aka maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi. Haraji da jangali kuwa sun kai 1979, lokacin da gwamnoni biyu na jam'iyyar PRP ta Malam Aminu, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke su, shekara 20 bayan an ce Arewa ta sami mulkin kai.