Wa Ya Aike Su, Me Suka Kawo Mana?

Jama'a, a shekarar 2015 ƙasashen duniya suka taru a Majalisar Ɗinkin Duniya, can Amurka, suka ɗauki alkawari 17 na raya ƙasa ba tare da an lalata ta ba: a kashe yunwa, a ba kowa ruwan sha, a tsare ƙasar noma, kafin 2030. Tun daga nan taro bai yanke ba, har samari da 'yan mata kan je su yi magana da sunan Nijeriya. Mun yi murna da haka, gama su za su gaji ƙasar.

Amma wa ke zaɓensu? A taron sauyin yanayi na Dubai, a 2023, mutum 1,411 aka rubuta da sunan Nijeriya, gwamnati ta ce 422 ta biya wa kuɗin tafiya. Wane ne ya komo ya tsaya a kasuwar Gusau ko ta Tsafe ya gaya wa talakawa abin da aka yanke?

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Saurayin Karakkai ya san in damina ta makara, tiyar gero sai ta gagari mai iyali. Mutanen Anka da Bukkuyum sun binne yara fiye da 400 a 2010, saboda gubar dalma wajen haƙar zinariya. Ga masu abin faɗi!

Bukatarmu biyu ce. A zaɓi wakilai a fili, har da 'ya'yan manoma da na 'yan kasuwa. In sun komo kuwa, su zo Bungudu ranar kasuwa su ba da bayani da Hausa. Ɗan aike ba ya kwana da saƙo.