KANKANA BA HATSI BA CE

Jama'a, a wannan mako ina so mu yi magana a kan ajiyar kankana. Kwanan baya ina kan hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi, na wuce Bakori kaɗan, sai na tarar da wani manomi ya tsibe kankanarsa a bakin hanya, rana tana dukanta, yana jiran mota yau kwana uku. Dillali ya zo ya fasa biyu, ya ga ciki ya yi laushi, sai ya taya rabin kuɗi. Manomin nan yana ta la'antar dillalai. Ni kuwa a ganina laifin namu ne.

Kankana ba masara ba ce da za a zuba rumbu a jira tsada. Fiye da kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne. Kuma ba kamar mangwaro take ba, in an cire ta ba ta ƙara zaƙi. Saboda haka kada ku cire sai ɗan murɗaɗɗen zaren da ke kusa da ita ya bushe, gefen da ke kwance a ƙasa kuma ya yi rawaya.

Ku yanke ta da wuƙa da sassafe, ku bar mata wutsiya kamar inci biyu, gama ta wurin nan ruɓa ta kan fara. Kada a yi jifa da ita wajen lodi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku kafa rumfar zana inda iska ke ratsawa, ku shimfiɗa ciyawa busasshiya, ku jera ta, kada ku tsibe. Wadda ta fashe a ware ta a sha. Kada kuma a haɗa ta ɗaki ɗaya da ayaba ko tumatir nunannu, don suna fitar da wata iska mai lalata cikinta.

Ko a ɗakin sanyi na digiri 10 zuwa 15, mako biyu ko uku kaɗai take yi, balle a zafin bazara. To, dabara ita ce ku raba shuka kashi-kashi, kada ta nuna gaba ɗaya. Ku kuma shirya da mai mota, ko mai saye daga 'Yan Lemo ta Kano, tun kafin ku sa wuƙa. Wanda kayansa ke inuwa shi ke faɗin kuɗi.

Naku,
Malamin Gona, Funtuwa.